Tawul ɗin da Auta Ta Ce Fari Ne

Shekara uku ke nan Auta ce idon mahaifiyarta. Idon Inna na hagu ya daɗe da mutuwa, tun Auta tana goye. Na dama kuwa yanar ido ce ta yi ta rufe shi sannu a hankali, har ya zamana tsohuwar ba ta bambance mutum da ƙyauren ƙofa. Sai dai rashin gani bai rage mata tsafta ko ƙanƙani ba. Inna irin matan nan ce da sai sun wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Za ta wanke kofi, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, sannan ta ɗaga shi ta wajen da take jin motsin 'yarta, ta ce, "Ya fita?" Auta kuma sai ta ajiye abin da take yi ta duba da gaske. In da saura ta ce da saura, ta kama yatsan Inna ta ɗora a wurin.

Auta ta iya ƙarya daidai gwargwado, kamar kowa. Takan ce wa shugaban makarantar da take koyarwa mota ce ta lalace alhali barci ne ya ɗauke ta. Takan ce wa yayanta ta kira shi bai shiga ba. Amma a kan wannan tambaya guda ba ta taɓa yi ba, ko da wasa. Inna ta san haka, shi ya sa ba ta tambayar kowa sai ita. Ko matar Yaya ta ce mata riga ta fita tas, sai ta ninke ta ajiye har Auta ta dawo daga aiki.

Ranar Litinin da safe aka yi wa idon daman aiki a babban asibitin ido, tafiyar wuni guda daga gida. Likitar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta da yawan magana, amma a kan wannan ta maimaita har sau uku. Yanar ta tsufa ta yi tauri, an sha wahala kafin a cire ta, har sai da aka yi ɗinki. Za a bar idon a rufe da auduga da filasta har safiyar Laraba. Ban da sunkuyo, ban da doguwar tafiya, ban da ruwa a fuska. Duk bayan awa huɗu Auta za ta wanke hannu, ta ɗaga audugar ta ɗiga magani, ta mayar.

"Kuma kada wani abu ya taɓa idon nan in ba audugar da na ba ki ba," in ji likitar. "Ba ta da wani idon da za mu koma kansa."

Yaya ne ya kama musu ɗaki, daga can garin da yake aiki, ta waya. Ya turo wa Auta hotuna har guda bakwai: gado fari fat, labule mai ruwan zuma, furanni a kan tebur. Ya ce otal ɗin yana bayan asibiti, ko a ƙafa za a iya zuwa, kuma da ƙyar ya samu, don ana wani babban taro a garin, duk masauki ya cika. Ya faɗa wa Inna da bakinsa cewa ɗakin manya ya kama mata. Inna ta yi ta sa masa albarka har wayar ta yi zafi.

Wanda ya ɗauki hotunan nan, in yana da rai, ya tsufa.

Tun daga matakalar otal ɗin Auta ta fara ganin alama. Kafet ɗin da aka shimfiɗa a kai ya cinye ta tsakiya, gefensa kuma ya yi baƙi da maiƙo. Tana riƙe da hannun Inna tana ƙirga mata taku, ɗayan hannun kuma ta kai kan ƙarfen dafawa, ta janye shi da sauri, ta goge a jikin zanenta. Da ta buɗe ɗakin sai wani turaren fesawa mai ƙamshin lemo ya tare su a bakin ƙofa, mai yawan da har ya sa ta tari. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu daban, warin ɗakin da ya daɗe bai sha iska ba.

Gadon na nan, labulen ma na nan. Zanen gadon ya bar fari ya koma ruwan toka, da wani jirwaye a tsakiya da ba ta so ta yi tunanin asalinsa. A kan matashin kai akwai gashi, gajere, na namiji. Fikafikan fanka sun yi gemu da ƙura. Bango ta wajen banɗaki ya kumbura ya yi fumfuna baƙa tun daga ƙasa har tsayin ƙugun mutum. A banɗakin kuwa famfo yana ɗiga cikin kwanon wanke hannu da ya yi zobe ruwan ƙasa, ga guntun sabulun wani manne da gashi, ga kyankyaso biyu a bakin magudana da ko gezau ba su yi ba da ta kunna fitila. Tawul guda ɗaya ne a rataye, an ninke shi da kyau kamar na kirki. Ta buɗe shi. Gefe ɗaya da shatin jan baki, tsakiya da wani tabo rawaya wanda ya bushe ya yi ƙarfi. Shi ma ƙamshin lemo yake yi.

Inna tana tsaye a inda aka bar ta, tsakiyar ɗaki, da farar auduga a rabin fuska, tana murmushi. Tun asuba ba ta ci komai ba, allurar da aka yi mata ma ba ta gama sakinta ba.

"Kin ji ƙamshi," ta ce. "Yaron nan ya yi ƙoƙari. Auta, yaya ɗakin? Ya fita?"

Auta ta dubi fuskar. Ta san uwarta. In ta ce da saura, Inna ba za ta zauna a gadon nan ba, ba za ta kwanta ba, ƙarshenta ma ta nemi tsintsiya ta sunkuya. Ba kuma inda za ta kai ta. Ta ce a ranta minti goma ne kawai, ta sauka a canza musu ɗaki, shi ke nan maganar ta zama gaskiya.

"Ya fita, Inna."

"Zanen gadon fa?"

"Fari ne. Amma bari in shimfiɗa miki namu, kin fi sabawa da shi."

"Akwai tawul? Na ce miki kada ki ɗauko namu, kaya ya yi yawa."

"Akwai. Fari tas, yana rataye a banɗaki."

Maganar ta fita da sauƙin da ya ba ta tsoro. Ta shimfiɗa zannuwansu biyu a kan gadon, ta naɗe mayafinta a kan matashin, ta zaunar da Inna ta jingina ta. Ta ce mata kada ta motsa, za ta sauka ta karɓo ruwan zafi ta dawo yanzu.

Mai karɓar baƙi wani dogon mutum ne da taye a wuya, yana kallon wasan ƙwallo a wayarsa. Ya saurare ta da ido ɗaya. Ba shi da rashin kunya, da ma yana da ita da ta samu wanda za ta yi faɗa da shi. Duk abin da ta faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Malama, ki yi haƙuri." Wani ɗakin? Babu, duk a cike. Wani zanen gado? Suna wajen mai shara. Manaja? Ya fita. Yaushe zai dawo? Wani lokaci yakan dawo. Ta ce masa mahaifiyarta aikin ido aka yi mata yau ɗin nan, ido ɗaya gare ta. Ya ajiye wayar, ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma da gaske yake. Sannan ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango ya ce ta rubuta kokenta. Ta buɗe, ta ga mutane sun riga ta, shafi bayan shafi, wasu da manyan baƙaƙe, wani har biro ya huda takarda. Wanda ya rubuta game da kyankyasan ɗakinsu bara ya rubuta.

Ta kira Yaya. Ya ce yana cikin taro, amma ai hotunan ba su nuna haka ba, ko dai ita ce da tsantsaninta? Ya ce ta daure, kwana biyu ne. Ta kira otal uku da mai tayen ya taimaka ya ba ta lambobinsu. Biyu sun cika, na ukun yana can bayan gari, hanyar duk ramuka.

Sai ta bi lungun da aka nuna mata ta je neman mai shara. Ta same ta a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, dattijuwa mai kumburarrun ƙafafu, zaune a kan bokitin da aka kife. Gefenta injin wanki ne babba, an ɗora masa kwalaye, da alama ya daɗe da zama tebur. Gabanta tulin tawul ne da aka kwaso daga ɗakuna. Tana ɗaukar ɗaya, ta kakkaɓe, ta duba gefen da ya fi haske, ta fesa masa turare sau biyu, ta ninke yadda tabon zai shige ciki, ta ɗora a kan na gama. Hannunta ya saba, ko kallo ba ta yi sosai.

Auta ta ce, "Baba, ba a wankewa?"

Matar ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ji kunya ba, gajiya ta riga ta cinye wurin da kunyar za ta zauna. "Injin ya mutu tun kafin damina, 'yata. Ɗaki ashirin da shida, ni kaɗai. Ranar da aka kawo sabulu nakan wanke abin da hannuna zai iya. Turaren ne dai ba ya yankewa, manaja katan yake saye." Ta ɗaga kai ta dube ta. "In kina da naki, yi amfani da naki. Wancan na ɗakinku wani mai ciwon ƙafa ne ya kwana uku da shi."

Auta ba ta san lokacin da ta hau matakalar ba. Minti goman nan ya zama kusan awa guda.

Inna tana zaune a bakin gado, ba a jingine yadda aka bar ta ba. Tawul ɗin yana kan cinyarta, a jiƙe ta gefe ɗaya. Filastar ta ɗago daga sama, audugar ta karkace.

"Kin daɗe," in ji Inna. "Fankar nan ba ta da ƙarfi, gumi ya yi ta gangaro min cikin idon, ga ruwa yana ta zuba yana min ƙaiƙayi. Na lallaba bango na samo banɗakin da kaina, kin ga ban tsufa ba. Ban wanke fuska ba fa, kada ki yi min faɗa. Ɗan jiƙa bakinsa kawai na yi na dangwala a hankali."

"A cikin idon, Inna?"

"A bakinsa dai. Ai mai tsafta ne."

Auta ta zare tawul ɗin daga cinyarta a hankali, kamar mai ɗauke wuƙa daga hannun jariri. Ta so ta yi kuka, ta so ta fasa wani abu, amma Inna tana jin numfashin mutum in ya canza. Ta wanke hannu da ruwan gora, ta cire audugar, ta ɗiga magani har ya gangaro kumatu, ta sa sabuwa. Ta fita baranda ta kira lambar asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauka, da Auta ta faɗa mata abin da ya faru sai ta ce likita ta shiga wani aikin, a ci gaba da ɗiga magani, in an ga kumburi ko ciwo mai tsanani a zo. Ta tambaya ko tawul ɗin mai tsafta ne. Auta ta ce a'a. Matar ta ce a dai ci gaba da ɗigawa.

Ranar Talata Auta ta wuni tana wanke ɗakin otal ɗin mutane. Ta sayo sabulu da buroshi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a shagon tsallaken titi. Ta goge ƙasa a durƙushe, ta hau kujera ta share fanka, ta kankare zoben kwanon wanke hannu har farcenta ya karye. Fumfunar bango ta goge ta, ta bar baƙin shati, zuwa la'asar kuma bangon ya sake tsattsafo da ruwa. Ta san aikin banza take yi. Abin da zai shiga ya riga ya shiga tun jiya, sai dai ba ta iya zama ta kalli audugar nan.

"Me kike ta gogewa a ɗakin da ya fita?" Inna ta tambaya.

"Gadonki na yi, Inna. Hannuna ne ba ya son zama."

Inna ta yi 'yar dariya, ba ta ƙara ba. Duk lokacin ɗiga magani Auta takan ga idon ya ɗan ƙara ja, ko kuma tsoronta ne ke ƙara masa, ta kasa tantancewa. In ta tambaya ko yana ciwo, Inna sai ta ce ɗan nauyi ne kawai, ai wuƙa ta shiga wurin, dole ya yi magana. Ta fi son ta yi hirar abin da za ta yi in an buɗe. Za ta zura zare a allura da kanta. Za ta tafi banɗaki ba tare da an ƙirga mata taku ba. Za ta duba tukwanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya ta ga ko shekara uku ana cutarta. Da yamma ta bar rabin shayinta, ta kwanta da hannu a goshi.

Safiyar Laraba fatar idon ta kumbura, audugar ta manne da wani ruwa mai kauri. Ba su jira ƙarfe takwas ba.

Likitar ta zaunar da Inna gaban na'urar duba ido, ta daɗe tana leƙawa. Ta ɗaga yatsu a gaban fuskarta ta ce nawa ne. Inna ta ce tana ganin haske dai, kamar fitila a bayan labule. Likitar ta kashe na'urar.

"Mama, wani abu ya taɓa idon nan?"

"Babu, likita. Tawul ne kawai na ɗan dangwala shekaranjiya. Shi ma fari ne tas, 'yata ta duba min." Ta faɗe shi da alfahari, yadda mutum ke kawo shaidar da ba a ja da ita. "Ita ba ta ce min abu ya fita in bai fita ba."

Likitar ta juyo ta dubi Auta. Jira kawai take yi, don maganin da za ta zaɓa yana kan amsar. Inna na zaune taku biyu daga gare ta, kunnenta a buɗe.

"Ba fari ba ne," ta ce. "Na otal ne, ba a wanke shi ba. Wani mai ciwo a ƙafa ya yi amfani da shi kafin mu. Na gani tun da muka shiga."

Inna ba ta juyo ba. Hannunta ne kawai ya lalubi bakin zanenta ya riƙe.

Aka yi wa idon allura a cikinsa, aka ɗebi ruwansa za a kai gwaji, aka ƙara magunguna uku har da ƙwayar sha, yanzu duk awa ɗaya za a ɗiga. Gadajen asibitin a cike suke. Likitar ta ce su zauna kusa, su riƙa zuwa kowace safiya har kwana biyar. Auta ta bi ta har bakin ƙofa ta tambaye ta ko idon zai tsira. Likitar ta ce wasu sukan tsira. Ta ce da an zo jiya da ya fi, sannan ta ga fuskar Auta, ta ce yanzu dai a yi abin da ke gaba.

Kusa kuwa wuri ɗaya ne. Mai taye ya yi murna da ganinsu, ya ce ɗakinsu na nan ba a ba kowa ba, har an gyara. Suka hau matakalar, Auta na ƙirga taku, Inna na hawa. An fesa sabon turare. An rataye wani tawul a banɗaki, a ninke da kyau.

Auta ta zaunar da ita a kan zanensu. Ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ki yafe min. Tsoro na ji kada ki ƙi zama." Inna ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ni ruwa, lokacin ƙwayar ya yi." Muryarta ba faɗa, ba kuka, da ma ta zage ta da ya fi wa Auta sauƙi.

Auta ta ɗauko kofinsu na gida. Ta wanke shi da sabulu da ruwan gora, ta ɗauraye sau uku, ta ɗaga shi a hasken taga ta duba ciki da waje, sannan ta sa shi a hannun uwarta kafin ta zuba ruwan. Inna ta karɓa. Ta ɗan ɗaga shi ta wajen da take jin numfashin 'yarta, yadda ta saba yi shekara uku, bakinta har ya buɗe. Auta ta tsaya da gora a hannu tana jira, amsar tana bakinta, kuma wannan karon gaskiya ce.

Inna ta sauke kofin. Ta zagaya bakinsa da yatsa, ta kai shi hanci ta shinshina, ta jawo bakin zanenta ta goge cikinsa a hankali. Sannan ta miƙo shi a zuba mata.